ALMAKASHI DA GAM: YADDA AKA SO HANA HANNATU SHIGA BAJE-KOLIN BALIN NA 1920

Na san da yawanku kun leƙo ne don ku ji yadda za ta kaya a babi na gaba na labarinmu, to ku yi mini afuwa, wannan makon na ɗan jingine shi gefe guda. Wani abu ne ya faru a zauren gidana ya tsaya mini a rai, har ya kai ni ga tono wani tarihi da ban taɓa zaton zan damu da shi ba, na kuma ga bai kamata in ci ni kaɗai ba.

'Yar ƙanwata da ke hannuna tana koyon zane a wata makaranta, sai malaminsu ya raba su rukuni-rukuni don shirin baje-kolin ƙarshen zango. Su biyar ne a nasu rukunin, maza uku mata biyu. Suka roƙe ni aron zaure da kuma buhun tsofaffin mujallu da kalandun da na shekara da shekaru ina tarawa. Aikin da aka ba su shi ne abin da ake kira kolaj, wato a yanko hotuna da rubutu daga wurare daban-daban a liƙa su a kan kwali guda, har su ba da wata ma'ana sabuwa. Kwana uku ina kallonsu. 'Yan matan nan su ne yanka, su ne jerawa, su ne kuma ake aika su kawo ruwa da zoɓo. Da aka zo rubuta sunaye a bayan kwalin, sai na ji ɗaya daga cikin samarin yana cewa ai su mata taimakawa kawai suka yi, a sa sunansu a ƙasa da ƙananan baƙaƙe.

Na yi dariya, irin wadda ta fi kuka ciwo, domin ni ma an taɓa yi mini. Farkon shigata harkar rubutu mun haɗa wani littafin gajerun labarai da wasu marubuta, ni ce mai gyaran rubutu, ni ce mai dafa abincin taro, da littafi ya fito sai na tsinci sunana a shafin godiya. Daren nan na ɗauki waya na shiga binciken asalin wannan sana'a ta yanka da liƙi, sai ga shi ashe rigimar zaurena ta girmi kakata.

Liƙe-liƙen takarda tsohon abu ne a duniya, amma shigarsa sahun zanen da manya ke girmamawa a Turai ya faro ne a 1912, a hannun wasu aminai biyu a Faransa, Pablo Picasso da Georges Braque. Picasso ya liƙa ƙyallen leda mai zanen saƙar kujera a jikin zanensa. Shi kuma Braque ya ga takardar ƙawata bango mai kama da katako a wani shago a garin Avignon, ya saya ya yanka ya liƙa a takardar zane. Ita kanta kalmar kolaj daga Faransanci ta fito, daga kalmarsu ta liƙawa. Sai dai waɗannan biyun kyau da tsari suke nema. Waɗanda suka mayar da almakashi makamin faɗa da hukuma suna Jamus, kuma yaƙi ne ya haife su.

Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, ya ci sojan Jamus kusan miliyan 2. Waɗanda suka dawo da rai da yawansu ba ƙafa, ba hannu, wasu ba ido, suna bara a titunan Balin da lambobin yabo a ƙirji. Ranar 9 ga Nuwamba 1918 aka sanar da saukar Sarki Wilhelm na 2 daga gadon mulki, ya tsere Holan. Aka kafa jamhuriya, amma hafsoshin da suka kai ƙasa ga halaka suna nan da kakinsu da ƙasaitarsu. A Janairun 1919 sojoji suka kashe Rosa Luxemburg da Karl Liebknecht, jagororin 'yan gurguzu. A Maris ɗin 1920 wasu sojojin suka yi yunƙurin juyin mulki, yajin aikin gama-gari ne ya karya su cikin 'yan kwanaki. Ga yunwa, ga tsadar rayuwa. A irin wannan gari mutanen da zan ba ku labarinsu suke zaune.

Sunan ƙungiyarsu Dada. Kada wani ya ɗauka Dada ta Fulani ce, wato uwa. Kalma ce da suka zaɓa don ba ta da wata ma'ana ta kirki, kamar gwarancin yaro. An kafa ta a Fabrairun 1916 a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, inda matasan da suka guje wa yaƙi suka taru. Hujjarsu ita ce, tunda masu ilimi da masu hankali da masu tsari su ne suka tura samari mahauta, to hankalin nan nasu da zanen da suke rataya a falo duk abin yi wa dariya ne. Wani ɗalibin likita mai suna Richard Huelsenbeck ya dawo da aƙidar Balin a 1917, zuwa 1918 har sun kafa kulob.

Ga jiga-jigan kulob ɗin. Akwai George Grosz, gwanin zanen barkwanci mai ɗaci. Akwai wa da ƙane, John Heartfield da Wieland Herzfelde. Asalin sunan John shi ne Helmut Herzfeld, ya mayar da shi na Turancin Ingila ana tsakiyar yaƙi don ya baƙanta wa masu zagin Ingila rai. Shi kuwa Wieland yana da kamfanin ɗab'i mai suna Malik. Akwai Johannes Baader da ya naɗa kansa Babban Dada. Akwai Raoul Hausmann, mai yawan magana da falsafa. Sannan akwai mace ɗaya tilo a cikinsu, Hannah Höch, wadda ni dai Hannatu zan riƙa kiranta, tunda sunan ɗaya ne.

An haifi Hannatu a garin Gotha a 1889, ita ce babba a gidansu. An cire ta daga makaranta don ta yi renon ƙanwarta, sai a 1912 ta samu zuwa Balin koyon zane. Daga 1916 zuwa 1926 tana aiki kwana uku a mako a babban kamfanin jaridu na Ullstein, tana zana samfurin ɗinki da saƙa da surfani don mujallun mata. Ku lura da wannan, domin nan ne sirrin hannunta. Mace ce da ta saba da almakashi da takardar awon riga, kuma kullum tana cikin tarin mujallu masu hotuna, har da wadda ta fi kowace kasuwa a Jamus a lokacin. Tun 1915 suke soyayya da Hausmann, shi kuwa yana da mata da 'ya, ga shi a bainar jama'a ba wanda ya kai shi wa'azin 'yancin mata. Har wani ɗan gajeren labari Hannatu ta rubuta a 1920 game da wani mai zane da ya ga an zalunce shi, an tauye basirarsa, saboda matarsa ta sa shi wanke kwanuka sau huɗu a cikin shekara huɗu. Mu marubuta mun san inda irin wannan labari ke fitowa.

Wa ya fara yanka hoton kyamara ya liƙa? Nan ma rigima ce, kowa na jan ruwa zuwa gonarsa. Grosz ya ce shi da Heartfield ne, tun 1916, wata asuba a ɗakinsa. An kuma ce suna liƙa guntayen talla da hotuna a kati su aika wa abokansu a fagen daga, abin da in da baƙaƙe aka rubuta shi da masu tace wasiƙu sun kama. Hausmann da Hannatu kuwa suka ce a 1918 ne, da suka je hutu wani ƙauyen masunta a bakin tekun Baltik. A bangon masaukinsu suka ga wani hoto mai launi na soja cikin kaki, irin wanda ake bugawa da yawa a sayar, sai iyali su yanko kan ɗansu daga hotonsa su liƙa a wuyan sojan. Ashe talakawa sun riga masu zane. Duk wanda ya taɓa ganin yadda masu hoto a kasuwa ke ɗora mutum a gaban benen da bai taɓa shiga ba, ya san wannan dabara.

Abin da ya ja su ga wannan hanya a fili yake. Fenti da zanen mai suna da tsada, tsohuwar jarida kuwa kyauta ce. Na biyu, mutane sun yarda da hoton kyamara, suna ganin ba ya ƙarya. To in ka yanko kan janar daga jaridar da ke yabonsa ka ɗora a jikin da bai dace da shi ba, ka doke shi da sandarsa. Na uku, sun ƙi jinin a kira su masu baiwa. Heartfield shuɗiyar rigar makanikai yake sawa, ana kiransa makanikin Dada. Ayyukan da suka yi tare da Grosz, sunayensu biyu suke sawa a haɗe, su ƙara 'yar kalmar da ke nufin "sun harhaɗa", a gurbin "ya zana" da aka gada. Aikin gayya ne, wannan ya yanko, wancan ya jera, ɗayan ya shafa gam.

A 1920 suka yanke shawarar yin gagarumin baje-koli. Wani dillalin kayan tarihin ƙasar Sin, Dakta Otto Burchard, ya ba su ɗakunan shagonsa a titin Lützowufer, ya kuma zuba kuɗi, suka laƙaba masa Dadan Kuɗi. Aka shiga shiri ba dare ba rana. Grosz da Heartfield suka haɗa wani kolaj mai cunkoson tayoyi da fim da wayar tarho da guntayen kalmomin talla, wanda ya kwaikwayi hayaniyar wani birnin shirya fim a Amurka da tsakar rana, shi aka buga a bangon takardar jerin kayan. Suka ɗauki hoton wani zanen Picasso suka yi masa liƙe-liƙe suka ce sun gyara shi. Baader ya tayar da wata hasumiya mai hawa biyar ta jaridu da tarkace. Heartfield da Rudolf Schlichter suka cusa tsumma a kakin hafsan soja, suka yi masa kan alade.

Ana cikin wannan shiri ne Grosz da Heartfield suka ce ba su yarda a sa aikin Hannatu ba. Mutanen da suka ce sun zo rushe duk wata tsohuwar al'ada, ga shi sun tsaya ƙyam a kan wadda ta fi kowace tsufa. Sai da Hausmann ya yi barazanar janye nasa kayan sannan suka sakko. Wato ko shigar da ta yi, albarkacin namiji ta ci. Da aka buga takardar jerin kayan kuma, sai aka rubuta sunanta da sigar shagwaɓa, Hannchen, kamar a ce 'yar Hanne. Shekaru da yawa bayan haka, a 1964, wani ɗan ƙungiyar mai suna Hans Richter ya rubuta tarihin Dada, abin da ya fi tunawa da ita shi ne ita ce mai samo musu burodi da abin sha da gahawa ko da babu kuɗi. Kun ji fa, zoɓon zaurena ke nan.

Amsar da Hannatu ta bayar ba da baki ta ba da ita ba. Ta kawo 'yan tsana biyu da ta ɗinka, ta kuma kawo wani ƙaton kolaj mai tsawon santimita 114 da faɗin 90. Sunansa dogo ne, ma'anarsa dai yanka da wuƙar kicin a tumbin masu mulkin Jamus da giya ta kumbura. Da gangan ta zaɓi wuƙar kicin, wato inda kuka ce nan ne wurina, to daga nan zan fito muku.

Na daɗe ina kallon hoton wannan aiki a waya, ina buɗa shi ina matsowa. A sama ta hannun dama ta tara maƙiyan Dada. Ga tsohon sarki, ta yi masa gashin baki da 'yan kokawa biyu. Ga Janar Hindenburg, gwarzon yaƙinsu, ta ɗora kansa a jikin wata 'yar rawa. A ɗaya gefen ga ƙaton kan masanin kimiyya Albert Einstein. Ko'ina tayoyi ne da ƙarafan inji da taron jama'a. A ƙasa ta dama ga abokan tafiyarta 'yan Dada, su ma ba ta ƙyale su ba, ta ɗora kawunansu a jikin da zai sa a yi musu dariya. A tsakiya kuwa, inda komai ke juyawa, jikin wata 'yar rawa ne yana cilla kan Käthe Kollwitz sama, matar da a 1919 ta zama mace ta farko da aka zaɓa cikin majalisar masu fasaha ta Furushiya. Sannan a can kusurwar ƙasa ta liƙa 'yar taswirar Turai mai nuna ƙasashen da mata suka samu ko suke dab da samun 'yancin zaɓe, domin matan Jamus a Janairun 1919 suka fara jefa ƙuri'a. A bakin wannan taswira ta liƙa ɗan ƙaramin hoton fuskarta.

Aka buɗe baje-kolin ranar 30 ga Yuni 1920, aka rufe 25 ga Agusta. Takardar jerin kayan ta lissafa guda 174. Bango cike tun daga ƙasa har sama, zane kan zane, da manyan alluna masu kirarin cewa tsohon zane ya mutu. Ga zanen Otto Dix na guragun yaƙi suna jerin gwano a titi. Hafsan nan mai kan alade kuwa a rufin ɗaki aka rataye shi, yana lilo a kan masu kallo. Ta fuskar ciniki dai an tafka asara, jama'a ba su zo da yawa ba. Amma hukuma ta zo. Rundunar soja ta kai ƙara cewa an ci mutuncinta, saboda hafsan da kuma wani kundin zanen Grosz da ya yi wa sojoji tsirara. A Afrilun 1921 kotu ta ci Grosz tarar mark 300, ta ci Herzfelde da ya buga kundin mark 600. Daga wannan baje-koli ƙungiyar ta fara watsewa, kowa ya kama gabansa. A 1922 Hannatu ta rabu da Hausmann.

Masu iya magana sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa ana shan wuya. Heartfield ya ci gaba da yaƙi da almakashi a wata mujallar ma'aikata. A 1932 ya fitar da hoton Hitila kamar an haska ƙirjinsa a asibiti, ga tsabar zinariya jere tun daga maƙogwaro har ciki, wato attajirai ke ba shi yana haɗiya. Da Hitila ya hau mulki ranar 30 ga Janairu 1933, Grosz ya riga ya tashi zuwa Amurka da 'yan kwanaki. A Afrilu 'yan Nazi suka fasa gidan Heartfield, ya diro ta baranda, ya tsallaka ƙasar Cekosulobakiya da ƙafa, daga can a 1938 ya wuce Ingila. Hausmann ma ya fice a 1933, ya ƙare rayuwarsa a Faransa. A 1937 gwamnati ta shirya nata baje-kolin a Munik, na abin da ta kira lalataccen zane, don jama'a su zo su yi tofin Allah tsine, har da bango guda na Dada. Zanen guragun nan na Dix yana ciki, daga nan ba a sake ganinsa ba.

Hannatu ba ta gudu ba. Tun 1932 aka soke wani baje-kolinta a garin Dessau da 'yan Nazi suka rufe makarantar da za a yi shi, aka kuma sa sunanta cikin waɗanda ake zargi. A 1939 ta sayi wani ɗan gida a Heiligensee, can bayan garin Balin inda ba wanda ya san ta, ta shuka lambu ya rufe ta. A nan ta ɓoye ayyukanta da na abokanta, da wasiƙu da mujallu da takardun ƙungiya, har yaƙi na biyu ya ƙare a 1945. Daga baya ta faɗa wa wani mai hira da ita cewa abin da ke gidan ya isa a rataye ta da duk wani tsohon ɗan Dada da ya rage a Jamus.

To ku dubi yadda abin ya juya. Hasumiyar Baader ta ɓace. Hafsa mai kan alade ya ɓace, sai dai kwaikwayonsa da aka sake yi. Kolaj ɗin da Grosz da Heartfield suka sa a bangon takarda ya ɓace, hotonsa kawai ya rage. Aikin da aka so a hana shiga ɗaki shi ne ya tsira, yana cikin taskar gidan zane na ƙasa a Balin, kuma da wuya ka buɗe littafin tarihin Dada ba ka gan shi ba. Wani babban kaso na abin da masana suka sani game da ƙungiyar ma daga akwatunan matar nan ya fito. Ta ga sakayya da idonta, domin a 1976 an yi mata babban baje-koli ita kaɗai a Faris da Balin, ta rasu a 1978 tana da shekara 88. Tun 1996 gwamnatin birnin Balin ke ba da wata kyautar fasaha da sunanta.

Ban ce mazan nan ba su da basira ba. Heartfield ya sa wuyansa a kan wuƙa, ba kowa ke iya wannan ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda mutum zai hango zaluncin sarki da na janar tun daga nesa, amma ya kasa ganin wanda yake yi wa wadda ke zaune kusa da shi tana miƙo masa gam. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma marubuta da muke kukan an raina mu an kira littattafanmu na kasuwa, ya kamata mu duba wa muke rainawa a cikinmu.

Washegari da yaran suka dawo ɗaukar kwalinsu, na zaunar da su na ba su wannan labari kamar yadda na ba ku, na nuna musu hoton a waya. Yaron nan da ya yi maganar ƙananan baƙaƙe ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, wallahi ban ɗauke shi komai ba." Na ce na sani, ai su Grosz ma ba su ɗauke shi komai ba. Suka sake rubuta sunayen biyar da baƙaƙe iri ɗaya. Ita kuwa 'yar tawa ba ta ce uffan ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko ɗan hoton fasfo ɗinta da na ƙawarta, ta yanke kawunan da almakashina na ɗinki, ta liƙa su a kusurwar ƙasa ta dama, ta gaban kwalin.

Na dai yi asarar buhun mujallu, zaure kuma har yau ina tsintar guntayen takarda. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.